Ranar da Magajin Dargaza Ya Ƙi Zama

Waɗanda suka riski Birnin Dargaza tun ganuwarsa na tsaye sun ce gari ne da ba shi da sarki, kuma ba ya neman a yi masa. Sun taɓa yin sarakuna. Na ƙarshensu ne ya kwashe mazan gari kaf a tsakiyar damina ya tafi yaƙi, don kawai wani hakimin ƙetare ya gaishe shi bai durƙusa ba. Ya dawo da nasara da ganima, ya tarar ciyawa ta cinye gonaki. A shekarar, yunwa ta kashe ninki uku na abin da takobi ya kashe. Da aka binne shi, dattawa suka rantse ba za a ƙara naɗa wa mutum ɗaya rawanin Dargaza ba.

Tun daga nan unguwanni goma sha uku na birnin kowace ke fitar da dattijo guda, su ne Majalisa. In magana ta yi tsanani sai a kawo gora mai dogon wuya, kowa ya dunƙule tsakuwa a hannu ya jefa, fara in ya yarda, baƙa in ya ƙi, sannan a juye bisa tabarma a idon kowa. Shugabansu ake kira Magajin Gari, amma tsakuwarsa ɗaya ce kamar ta kowa. Akwai kuma mashin gari, wanda duk mai riƙe da shi runduna ke bi. Aronsa ake ba Madawaki in yaƙi ya taso. Ranar da Majalisa ta ce a dawo da shi, Magaji ne zai je da kansa, ya shimfiɗa riga a ƙasa, ya tsaya. Muddin yana tsaye, ba ɗan Dargaza da ke wurin da zai zauna ko ya ci ko ya sha, sai an kwantar da mashin bisa rigar. Shekara sittin ana haka, ba Magajin da ya taɓa tsayuwar da ta fi ta gaisuwa.

A shekarar da muke magana, Magajin Gari shi ne Anaruwa, marini, gajeren tsoho mai saurin fushi, wanda baba ya rina wa hannuwa har wuyan hannu. Ko takobi bai iya ratayawa daidai ba. Mayaƙa kan yi masa dariya a bayan ido, ya kuma sani, bai taɓa damuwa ba.

Sarkin Garwaza ya aiko manzo cewa tun da mutanen Dargaza ba su da sarki, shi ya ji tausayinsu zai zame musu. Majalisa ta ba manzon ruwa ya sha, ta raka shi ƙofa, ta miƙa mashi ga Madawaki Dogara. Dogara kuwa namiji ne, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ya tare Garwazawa a mashigin kogin Malmo, ya karya su tun kafin azahar, suka faɗa ruwa suna neman ƙetare. Sai dai samarin gaba-gaba su arba'in zafin yaƙi ya kwashe su, suka bi abokan gaba har tsakiyar kogi, aka rufe su aka kama. Cikinsu akwai Nomau, ɗan Anaruwa namiji guda. Tun daga ranar, kowace safiya Garwazawa kan fito da su su ɗaure a turaku bisa gaɓar can, inda duk rundunar Dargaza ke ganinsu.

Kwana biyar da haka, Barde Cindo, na hannun daman Madawaki, ya iso birni da saƙo. Majalisa ta zauna a babban zaure. Safiyar nan ramukan rinin Anaruwa guda uku suka lalace, ruwansu ya juya ja, abin da marina ke ɗauka muguwar alama. Bai gaya wa kowa ba.

Barde ya tsaya, ƙurar hanya a gemunsa, ya ce, “Iyayen gari, Madawaki Dogara, bangon Dargaza, yana gaishe ku. Ya ce maƙiyi ya karye, 'ya'yanku arba'in na ɗaure a rana. Yana neman izini ya haye Malmo da runduna duka, ya kwance su, ya bi Sarkin Garwaza har cikin gidansa. Wata ɗaya ya isa.”

Magajiya Gwamma, mai kula da rumbunan gari, ita kaɗai ce mace a Majalisa, kuma ita ce ba a son ta fara magana, don in ta fara ba ta bar wa kowa abin faɗa. Ta gyara zama ta ce, “Barde, rundunar nan da kake kira runduna, manomanmu ne. Yau kwana ashirin gonaki ba su ga fartanya ba, ga maimai ya yi. Rumbunan da ke hannuna za su kai mu kaka, ba za su wuce ta da yini ɗaya ba. Kakata ta gaya mini yadda aka dafa fatar kirgi a garin nan aka ci. Ita ma waccan yunwar da nasara aka fara ta.”

Sarkin Ruwa, tsohon masunci da ba ya yawan magana, ya ce, “Ni abin da masuntana suka gani zan faɗa. Hayaƙin sansaninsu da yawa, ganguna da yawa. Amma kwana huɗu ke nan ba a ga dokin Garwaza ko ɗaya ya sauko shan ruwa ba. Da dawaki dubu suka zo. Ina suke sha?”

Barde ya yi murmushin raini. “Sarkin Ruwa, kifi ka sani. Bar wa maza dawaki.”

Nan Anaruwa ya miƙe. Ya dubi hannuwansa ya ce, “Dattawan Dargaza, ba zan ɓoye muku ba, harshen uba ne a bakina yau, ku auna maganata da wannan. Amma ba ɗana kaɗai ke can ba. Garin da ya bar 'ya'yansa a ɗaure yana kallo, gobe da wace fuska zai ce wa saurayi ɗauki baka ka tsare mu? Ni ina ganin a haye. Na faɗi tawa, a kawo gora.”

Aka kawo, aka zagaya da shi, aka juye. Anaruwa da kansa ya ware tsakuwoyin da yatsa. Farare shida, baƙaƙe bakwai. Ya sake ƙirgawa, duk da ya san idonsa bai yi kuskure ba. Zuciyarsa ta yi masa zafi har ya ji kamar ya shure tabarmar, amma ya ce, “Majalisa ta ƙi. Runduna ta dawo gona, a bar mutum ɗari su tsare mashigi.”

Da Barde Cindo mai hankali ne, da ya yi sallama ya tafi. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ku yi ta wasa da tsakuwoyinku. Ko kun ce ko ba ku ce ba, jibi da hantsi muna ƙetare. Maza sun gaji da karɓar umarni daga masu rumbu da masu kamun kifi.”

Ya fice, aka ji tashin kofaton dokinsa. Magajiya ta ce a dawo da gora. Wannan karon tambayar ita ce ko a karɓo mashin gari, kuma da aka juye babu baƙa ko ɗaya. Ta dubi Anaruwa, muryarta ta yi laushi yadda ba a saba ji ba. “Magaji, kowa ya san abin da ke gaɓar can. In ba za ka iya ba, ka sauka a naɗa wani ya je, ba wanda zai zarge ka.”

“Da aka ba ni kujerar ban ce sai ranar daɗi ba,” in ji shi. “A ɗaura wa jakina akumari.”

Washegari da hantsi ya isa sansani. Abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. An ɗaure gorori da kututture an yi abin hayewa, an jera a bakin ruwa. A ƙofar bukkar Madawaki an rataye wata jar alkyabba da aka samo a ganima, maroƙa na kewaya ta suna kirarin da tun zamanin sarakuna ba a yi wa kowa ba. Tukwane na kan wuta, mayaƙa na zaune gungu-gungu suna jiran abinci.

Ya sauka daga jaki, ya dubi ƙetaren kogi sau ɗaya. Turaku arba'in a jere. Bai sha wuyar gane Nomau ba, domin rigar da ke jikinsa shi ya rina ta da hannunsa, ya tsoma ta sau tara har ta fi kowace duhu a birnin. Ya juya wa kogin baya, ya tuɓe babbar rigarsa, ya shimfiɗa a ƙasa, ya tsaya.

Tsofaffin mayaƙa ne suka fara ganewa, suka miƙe. Na kusa da su suka bi, har tsayuwar ta ratsa sansanin gaba ɗaya, mutum dubu uku. Masu tuƙa tuwo suka ajiye muciya.

Madawaki Dogara ya fito da mashin a hannu, dogo, baƙi, da tabon sara a kumatu. Ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, Magajin Gari. Sannu da hanya. A kawo maka ruwa.”

“Madawaki, bangon Dargaza, Majalisa na gaishe ka, ta kuma gode maka da aikin mashigi. Ta ce kayan da ta ba ka aro tana son abinta.”

Dogara ya matso, ya sassauta murya. “Baba, ni da Nomau tare aka yi mana kaciya. A gidanka na ci tuwo shekara nawa? Juya ka dube shi. Kalma ɗaya za ka faɗa, kafin rana ta raba tsaka na kawo maka shi nan. Na ji ai farar tsakuwa ka jefa.”

“Fara na jefa. An ƙirga ta, ba ta isa ba.”

“To da tsakuwa ɗaya tak za a bar mutum arba'in su mutu?”

“Da tsakuwa aka ba ka mashin nan, Dogara. Ran nan ba ka ce ta yi kaɗan ba.”

Dogara ya kafa gindin mashin a ƙasa, ya tsaya shi ma.

Barde Cindo ya ga abin zai lalace masa, sai ya jawo buzu ya zauna daram a gaban kowa, ya ce a kawo masa fura. Ya ɗaga murya. “Mazan Dargaza, wa ya kore muku Garwaza, mai mashi ko mai rini? Ku zauna ku ci abincinku. Ga sarkinku nan a tsaye, alkyabba kawai ta rage!” Yaransa kamar ashirin suka tsuguna suna waige-waige. Ba wanda ya kawo furar. Wani tsohon maharbi daga unguwar maƙera ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, “Barde, dattijon unguwarmu ni na zaɓe shi da bakina. In tsakuwarsa wasa ce, to ni ma wasa ne.” Waɗanda suka tsuguna suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya, aka bar Cindo shi kaɗai bisa buzu, ya rasa yadda zai tashi.

Rana ta take. Tuwo ya ƙone a tukwane, ƙaurinsa ya cika sansani, ba wanda ya motsa ya sauke. Anaruwa shekararsa saba'in da ɗoriya, ga ciwon gwiwa da tsugunnin bakin rami ya bar masa. Gumi ya jiƙe masa 'yar shara, ƙafafunsa suka kumbura. Garwazawa a can sun lura an daina shirin hayewa, sai suka ɗauko bulala suka fara bin turaku. Ƙara ta ƙetaro ruwa sarai.

Dogara ya ce, “Baba, muryar Nomau ce.”

“Na san kukansa tun yana cikin zani. Ba sai ka gaya mini ba.”

Hawaye na bin fuskar Anaruwa, bai share ba, bai kuma waiwaya ba. Gaskiya ita ce a lokacin nan ya tsani Majalisa, ya tsani Magajiya da rumbunanta, ya tsani gora da wanda ya fara ƙirƙiro shi. Amma ya san in ya zauna yau, gobe za a yafa wa Dogara alkyabbar nan, kuma ba za a sake tambayar kowace unguwa ra'ayinta ba har abada. Wannan sanin ne kaɗai ya riƙe masa gwiwoyi.

La'asar ta yi sakaliya, tsohon ya yi tangaɗi, ya dafa iska, ya sake miƙewa. Dogara ya dubi mutanensa. Leɓunansu sun bushe, ba mai kallonsa, duk Magaji suke kallo. Ya tabbata in ya ce a haye da yawa za su bi shi, ya kuma san garin da za su dawo su tarar ba zai zama Dargazar da ya tsare ba. Ya taka ya durƙusa.

“Ku shaida,” ya ce da ƙarfi. “Ban yarda da hukuncin Majalisa ba. Kuskure ne, zan kuma faɗa musu a zaure ido da ido.”

“Ni ma ban yarda da shi ba,” in ji Anaruwa. “Kwantar da shi.”

Dogara ya kwantar da mashin bisa rigar. Sai a sannan Magaji ya zube ƙasa, mutum dubu uku suka zauna a bayansa.

Komawa birni ba ta yi daɗi ba. Iyayen waɗanda aka kama suka tare hanya, wata uwa ta watsa wa Anaruwa ƙasa a fuska ta kira shi uban da ya sayar da ɗansa. Ya kaɗe fuskarsa ya wuce. Aka tuɓe Barde Cindo daga sarauta, mayaƙa suka rataye kwari suka ɗauki fartanya. Dogara ya cika alkawari, ya zo zaure ya wanke Majalisa tas, suka saurare shi har ya gama, sannan shi ma ya tafi gonarsa.

Ran kwana na huɗu da sassafe, wasu mafarauta suka shigo ta Ƙofar Arewa a guje. Dawakin da Sarkin Ruwa ya yi cigiya sun bayyana. Ashe tun ranar da aka kafa turaku Sarkin Garwaza ya bar 'yan ganguna da masu hura wuta a bakin kogi, ya zagaya da mahayansa dubu ta mashigin sama. Lissafinsa shi ne, ba jarumin da zai ga 'yan'uwansa a ɗaure ya saurari tsofaffi. Gari babu maza ya zo ci.

Ba a yi dogon jawabi a zaure ba. Farare goma sha uku. Anaruwa ya ɗauki mashin ya ɗingisa har gonar Dogara, ya same shi duƙe cikin dawa, ya miƙa masa. Dogara ya goge hannu a cinya ya karɓa.

Bai kira kowa cikin ganuwa ba. Ya aika kowane manomi ya ɗauko bakansa ya kwanta a kwarin kunyar gonarsa, inda dawa ta kai ƙugu. An kwana biyu ana ruwa, ƙasar da aka gama yi wa maimai ta yi laushi. Mahayan Garwaza suka sako dawaki cikin gonaki suna ihu, sun ɗauka babu kowa sai 'yan tsofaffi. Kunyoyi suka riƙa harɗe dawaki, kofato na nutsewa, layinsu ya wargaje. Dogara ya ɗaga mashin gari, aka buga kuge, sai gonaki suka miƙe tsaye da kibau. Kafin hantsi ya dubi ludayi an gama da rabinsu. Sarkin Garwaza ya tsere a kan dokin wani bawansa, ya bar tambarinsa cikin laka.

Dogara na iya zarcewa kogi daga nan, ba mai ce masa don me. Sai ya juyo da doki zuwa ƙofar birni, jini har gwiwar hannu, ya sauka ya ce, “Ina neman izinin Majalisa in haye Malmo da mutum ɗari biyar, kwana biyu.” A nan bakin ƙofa aka zagaya da gora. Magajiya Gwamma ta ɗaga farar tsakuwarta kowa ya gani kafin ta jefa, abin da al'ada ta hana, ba kuma wanda ya ce mata uffan.

Ran na biyu da la'asar suka dawo. Gari duka ya fito. Anaruwa na tsaye a ƙofa yana ƙirga masu shigowa, ana tallafe da su, ƙafafu a kumbure. Talatin da uku. Ya jira, ba wanda ya ƙara shigowa sai Dogara a ƙasa, mashi a hannun dama, wata riga mai duhun baba a naɗe a hannun hagu.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka kwanto, wani ɗan unguwar majema, ya durƙusa a gaban tsohon ya ce, “Baba Magaji, turkena na kusa da nasa. Ranar da ka tsaya, masu gadi suka ce masa dubi ubanka ya juya maka baya. Ya yi dariya ya ce musu, wancan gajeren shi ne Magajin Dargaza, ku ci gaba da bugu, ba zai zauna ba. Shi ya sa suka fi tsananta masa. Kwana biyu bayan nan ya cika. Mun binne shi a gindin itacen malmo, bakin kogi.”

Anaruwa ya karɓi rigar. Ya warware ta, ya shafa inda bulala ta tsaga, ya daɗe a haka. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya shimfiɗa ta a bakin ƙofar birni, ya miƙe.

Ba a kira gora ba, ba wanda ya nemi mashin. Dogara ya durƙusa ya kwantar da shi bisa rigar Nomau.

Magajiya ta kawo tabarma da hannunta ta ce, “Zauna, Magaji. Gari na jiranka.”

Ya zauna, Dargaza ta zauna.